Ranar da Alhaji ya yi kyauta da akuyata

Har yau in na ji wani ya ce wa baƙo "ai naka ne", sai akuyata ta faɗo min a rai. A dangin mijina wannan magana ba ta da nauyi a baki. Ka yaba hular mutum, ya ce ai taka ce. Ka yaba agogonsa, ya fara kwance shi daga hannu. Kowa ya san yadda ake yi: mai abu ya miƙa, baƙo ya ce a'a wallahi, Allah ya bar zumunci, a yi dariya, hula ta koma kan mai ita. Mutum ɗaya ne a dangin ba ya cewa a'a, shi ne Yaya, babban wan Alhaji mijina. Shi in aka ce masa naka ne, to fa nasa ne, ko a jikinsa. Duk dangi sun san haka, Alhaji kuwa ya fi kowa sani, don tun suna yara yake rasa kayansa ta wannan hanya.

Gidanmu a Nassarawa GRA tsohon gini ne, ɗakuna kaɗan, fili kuwa har ya yi yawa, ga mangwaro ga darbejiya. Gonarmu tana can kan hanyar Gezawa, masara da wake da damina, tumatir da rani, saboda haka rabin rayuwarmu a kan titi muke yin ta. Maƙwabtanmu filawa suke shukawa a bayan gidajensu. Ni awaki na zuba a nawa. Akwai wata Hajiya a gefenmu da ta daɗe tana aiko min da saƙo cewa unguwar nan ba ruga ba ce, daga baya ita ce ta fi kowa aiko da roba a zuba mata kindirmo.

Ba sha'awa ce ta sa na fara kiwon ba. Babbar 'yata tana ƙarama cikinta ba ya karɓar madarar gwangwani, ba ya karɓar nonon shanu, duk abin da aka ba ta sai ya dawo. Wata tsohuwa da ke kawo mana man shanu ce ta ce in gwada na akuya. Na gwada, yarinya ta sha ta yi barci. Daga nan na shiga, ban kuma fita ba. Jajayen awakinmu na gida ba su da nonon kirki, abin da za ka tatsa bai cika kofin shayi ba. Na dinga haɗa iri, in samo dogayen awakin arewa, in aro bunsuru a inda na ji labarin mai kyau, in jira a haihu, in jira 'yar ta girma ita ma ta haihu, sannan in ga ko an ci riba ko an koma baya. Sau da yawa baya ake komawa. Yarinyar da aka fara dominta sai da ta shiga jami'a kafin na samu akuyar da nake nema.

Fara ce, doguwa, kunnuwa a zube, ga hantsa tubarkalla. Uwar garke muke ce mata. Safe da yamma tana cika min kwano, alhali 'ya'yanta sun sha sun ƙoshi. Tana da hali kuma. In ba ka zuba mata dusa a gabanta ba, ko hannunka da sanyi, sai ta riƙe nonon ta juya maka baya. Ni da 'yata kaɗai take tsayawa mu tatse ta. Duk wata 'yar akuya da nake sa ran samu nan gaba, daga cikinta nake sa ran ta fito.

Shi kuma Alhaji kifi ne nasa. Ba na ci ba, na kallo. Manyan akwatunan gilashi ne jere a falo, da fitilu, da tsakuwa, da ciyawar ruwa, da wata na'ura mai hura iska da ba ta yin shiru dare da rana. In aka ɗauke wuta, kafin a tuna da firjin da nonona yake ciki, an riga an juya wutar sola ta koma kan kifi. Ban taɓa yin magana ba. Gaskiya ma ina son su. In na dawo daga gona a gajiye nakan zauna in kalle su suna ta zirga-zirgar da ba ta da dalili, hankalina ya kwanta. Na koyi yadda ake kula da su: ba a zuba musu ruwan famfo kai tsaye sai ya kwana a bokiti, ba a canja ruwan duka lokaci ɗaya, ba a cika musu abinci. Tsohon ruwan da aka zuƙe nakan zuba wa zogalen da nake yanka wa awaki. Da Alhaji ya tafi Umra ni na riƙe masa su, ya dawo ya tsaya yana ƙirga su tun bai cire takalmi ba, ya tarar ko ɗaya bai mutu ba. Na faɗi wannan ne don kada wani ya ce kishi nake da kifi.

Abin ya faru da kaka, lokacin roron wake. Muna gona ni da shi, muna kwana a ɗan ginin da muka yi a can, don in ba ka tsaya a kan masu aiki ba sai ka tarar rabin waken yana ƙasa. Ni kuma ga harawar da nake son a ɗaure min, wadda awakina za su ci har rani ya fita. Muna tsakiyar aiki 'yata ta kira ta ce na'urar iskar kifi ta fara wani ƙara. Alhaji bai ko ƙarasa jin maganar ba ya ɗauki makullin mota. Ya bar ni da wake da masu aiki, ya ce gobe zai dawo, bai dawo ba. In na hau tudu na samu sabis na kira shi, sai ya ce gida lafiya lau, in yi aikina hankali kwance. In na ce a ba ni 'yata, sai ya ce ta shiga makaranta.

Ranar da na dawo, da akori-kurar gona shaƙe da harawa, tun daga bakin get na ji kukan 'yan awaki, irin kukan da murya ta riga ta dishe. Uwar garke in ta ji ƙarar motar nan takan ɗora ƙafafunta na gaba a kan shinge tana leƙe. Na duba shinge, babu ita. 'Yata ta fito daga wajen garken da kwalbar shayarwa a hannu, idanunta sun kumbura.

"Ina uwar garke?" na ce.

"Umma, Abba ya ce kada na gaya miki sai kin dawo."

"To ga ni na dawo."

A tsaye ta ba ni labarin, ban ko sauke jakata ba. Washegarin ranar da Alhaji ya bar gona, Yaya ya zo gayyatar walimar saukar karatun ɗansa. Ya zauna a falo, aka kawo masa ruwa, sai idonsa ya sauka a kan babban akwatin kifin nan. Ya tashi ya matsa kusa, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Kai, wannan abu ya yi kyau. Wannan ai a falona ya kamata ya zauna." 'Yata ta ce ba ta taɓa ganin Abbanta ya miƙe da sauri irin na ranar ba. Ya kama hannun Yaya yana cewa, "Ai ba ka ga komai ba, Yaya, zo ka ga awakin Hajiya." Ya ja shi ta kicin, suka zagaya baya. Yaya ya dubi garke, ya nuna farar, ya ce tubarkalla, wannan ita kaɗai ta isa walima. Alhaji ya ce, "Ai taka ce, Yaya." Yaya ya ce madalla, ya kira direbansa. Da 'yata ta ce akuyar tana shayarwa fa, uban ya watsa mata wani kallo.

Ban san lokacin da na isa falo ba. Na tarar da Alhaji tsugune gaban gilashi, da siririn tiyo a hannu yana zuƙe datti daga cikin tsakuwa. Ya ce min sannu da zuwa ba tare da ya juyo ba.

"Alhaji, ina akuyata?"

"Ki zauna tukuna ki sha ruwa."

"Ba na jin ƙishirwa. Ina akuyata?"

Ya ajiye tiyon, ya fara kame-kame. Wai suɓutar baki ce, wai bai zaci Yaya zai karɓa ba.

"Yau ka fara sanin Yaya?" na ce. "Suɓutar baki ba ta tayar da mutum daga kujera ta zagaya da shi bayan gida. Kifinka ya yaba. Ka san abin da ya kamata ka ce, ka san kuma in ka faɗa za a ɗauka, shi ya sa ka kai shi wajen nawa."

"Hajiya, akuya ce fa. Ga wasu can cike da garke."

Wannan kalma ta "akuya ce fa" ita ce ta ƙona min rai fiye da komai. Mutumin da ya ga shekarun da na yi ina haɗa iri, ya ga na kwana a garke ranar da za ta haihu, yake shan kindirmonta kullum da fura, shi ne yake ce min akuya ce fa. Na ce masa ya tashi mu je mu karɓo ta yanzu. Ya ce wannan ne kuma ba zai yiwu ba, ba a yin kyauta a koma a ce a dawo da ita, da wane ido zai kalli Yaya? Na ce akuyar da ake tatsa safe da yamma, an raba ta da 'ya'yanta, an yi kwanaki ba a taɓa hantsarta ba, ya san abin da hakan zai yi mata? Ya ce to in kira matar Yaya in ce a dinga tatsa kafin ranar walima.

Na kira ta. Bayan mun gaisa na tambaye ta ko ana tatsar akuyar. Ta yi dariya har da tafa hannu, ina jin tafin ta cikin waya. "Tatsa? Hajiya, akuya ake tatsa? Wa zai sha? Mu dai mun ga tana ta kuka ta ƙi cin abinci, muka ce kewar gida ce."

Na kashe wayar. Ni da 'yata muka sauke harawar nan daga mota, muka kamo taure mafi girma a garken, wanda nake turkawa don Sallah, muka ɗora shi a baya. Na yi niyyar in ba Yaya shi a madadin, don in nama ake so ya ninka uwar garke nama. Ina shiga mota Alhaji ya fito bakin ƙofa.

"In kika je, ba da yawuna ba."

"Ita ma da ta tafi ba da yawuna ba ne," na ce, na ja mota.

Gidan Yaya yana Gawuna, babu nisa, amma ranar ji na yi kamar an ƙara wa titin tsawo. Na yi sallama na shiga. Matar Yaya da wasu mata suna tsakar gida suna tsince shinkafar walima. Can gefe, jikin ƙarfen tankin ruwa, a cikin rana, aka ɗaure uwar garke da guntuwar igiya, an ajiye mata kanzo da ɓawon doya a wani tsohon faranti. Tsaye take ta ware ƙafafun baya, don hantsar ta yi girman da ba za ta iya haɗa su ba. Da ta ji muryata sai ta saki wani kuka tana fizgar igiya.

Ko gaisuwar kirki ban yi ba. Na durƙusa a kan siminti da atamfata, na taɓa hantsar, na ji ta da zafi, ta yi tauri kamar ɗanyar gwanda. Ɓangaren hagu ya fara yin baƙi-baƙi. Na roƙi ruwan ɗumi, na gasa mata, na fara tatsa a ƙasa. Na dama ya zo da ƙyar. Na hagu kuwa abin da ya fito ba nono ba ne, wani guda-guda ne rawaya haɗe da jini. Tana rawar jiki saboda ciwo amma ba ta motsa ba, ta tsaya min. Matan suka bar shinkafa suka kewaye ni suna kallo, wata tana cewa ikon Allah, wata tana toshe hanci. Ina tatsa hawaye na zubo min, kuma ba na tausayi ba ne kaɗai, yawancinsa na takaici ne.

A haka Yaya ya dawo daga sallar la'asar ya same ni. Na wanke hannu, na gyara mayafi, na durƙusa na gaishe shi yadda na saba. Ya amsa yana kallon ƙasan da na jiƙe.

"Lafiya, Hajiya?"

"Yaya, akuyar nan na zo roƙo a ba ni. Ta tatsa ce, ga 'ya'yanta can suna kuka, ga shi kuma ciwo ya kama ta. Na zo da taure yana mota, ya fi ta nama nesa ba kusa ba."

Fuskarsa ta canja. "Ƙanena ne ya aiko ki?"

Da na ce eh, da wataƙila abin ya tsaya tsakaninsu, su sasanta irin ta 'yan'uwa. Amma bai aiko ni ba, kuma ban ga dalilin da zan ara masa ƙarfin halin da ba shi da shi ba.

"A'a, Yaya. Ni na zo da kaina."

"Wato nama na rasa, shi ya sa kika ɗauko min taure? Tun da nake a duniya ba a taɓa ba ni abu a biyo sawu ba."

"Ka yi haƙuri, Yaya. Wanda ya ba ka ba shi ke da ita ba."

Matar Yaya ta dafe ƙirji. Ni kaina na ji nauyin maganar bayan ta fita, amma gaskiya ce, kuma da za a maimaita ranar da zan sake faɗa. Yaya ya dube ni ya ce, "Kwance abarki. Ki haɗa da taurenki ku tafi." Ya shige ɗaki.

Babu wadda ta taya ni. Ni na kwance igiyar, na lallaɓa ta har mota, tana tafiya tana tsayawa. Daga nan ban nufi gida ba, asibitin dabbobi na wuce. Likitan ya taɓa hantsar ya girgiza kai, ya ce da an kawo ta tun ciwon yana sabo da ba haka ba. Aka yi mata allurai, ya ba ni maganin da zan dinga matsa mata. Na yi makonni ina gasa mata da ruwan ɗumi, ina tatsa ina zubarwa. Ranta ya tsira, 'ya'yanta ma suka rayu a kan kwalba da nonon sauran awaki. Amma ɓangaren hagu ya mutu, ya shanye ya zama fata. Na dama ya dinga raguwa har ya kafe. Da ta sake haihuwa, abin da ya zo ko ɗanta ɗaya bai isa ba.

Walima kuwa an yi ba ni. Alhaji ya sayi rago ya kai da kansa, ya yini a can, ya dawo yana ba da labarin yawan mutanen da suka zo. A dangi na samu sabon suna, mai bin sawun kyauta. In aka haɗu a biki ko suna aka zo rabon kayan biki, sai wata ta ɗaga murya ta ce a karɓa da sauri a ɓoye, kada a biyo. A yi dariya. Babu wanda ya taɓa tambayar akuyar wa aka bayar, ko me ya sa mai falo cike da kifi bai yi kyauta da nasa ba. Shi mutumin kirki ne mai hannun kyauta, ni ce marar kunya. Yaya har yau in na gaishe shi da ka yake amsawa.

Na jira Alhaji ya ce min ya yi kuskure. Ban nemi ya durƙusa ba, kalma ɗaya nake so. Abin da na samu shi ne ya dinga yin kamar ba a yi komai ba, yana min hira, yana kirana in zo in ga wani sabon kifi mai ɗigo-ɗigo da ya samo. Nakan zo in gani in ce ya yi kyau. Ban daina zuba musu abinci in ba ya nan ba, don su ba su yi min komai ba.

Wata safiya, an kwana biyu da wannan, ina garke ina tatsar sauran, sai ga shi ya zagayo da kofin shayinsa, abin da bai saba ba. Ya jingina da shinge yana kallon uwar garke tana tuƙa a inuwa. Ya yi gyaran murya. Na ce a raina yau dai ga ta nan, zai faɗa. Har na tsayar da hannuna.

"Hajiya," ya ce, a hankali, irin muryar wanda ya kwana yana tunani ya samo dabara, "tunda yanzu ba ta da nono, me zai hana a mayar wa Yaya ita? Ko ya huce."

Na ajiye kwanon a hankali don kada in zubar da nonon.

"Alhaji, akuyar nan a gidan nan za ta tsufa, a gidan nan za ta mutu, ni zan haƙa mata rami. Babu wuƙar da za ta hau wuyanta, ta Yaya ko taka."

Ya ce wannan ai almubazzaranci ne, a ciyar da dabbar da ba ta ba da komai, a kuma bar ta ta mutu mushe. Na ce na ji, a rubuta a kaina. Ya tsaya kaɗan ko zan ƙara wani abu, da ya ga ban ƙara ba ya juya da kofinsa ya koma falo.

Tana nan har yanzu, haƙoranta sun fara zubewa, sai na jiƙa mata dusa take iya ci. Kowace safiya ita nake fara zuba wa, kafin masu nonon.